Fasfon Ɗan Dela

Tun ranar da aka shigo da jakar nan gidan, jikin Malam Bunyaminu ya ba shi cewa tafiyar ba za ta tafi daidai ba. Ya yi ta zargin jirgin sama, da teku, da mutanen da bai taɓa gani ba. Ko kaɗan bai kawo a ransa cewa ɓarnar daga hannunsa za ta fito ba, kuma tun kafin a yi nisa da gida.

Jakar goyo ce ta gwanjo, koriya, doguwa kamar buhun gero, ga igiyoyi ta ko'ina. Ɗansa na fari, Jamaluddeen, malamin Faransanci a wata sakandare a Bagudo, shi ya sayo ta a Birnin Kebbi. Shekara huɗu yana ƙuntata wa kansa saboda tafiya guda ɗaya. Madagaska zai je, wani babban tsibiri can tsakiyar teku inda ake jin Faransanci, ya yi wata guda yana yawo da jaka a baya, yana kwana a masaukai masu araha, yana shiga motar da talakawa ke shiga. Ba aiki zai je nema ba, ba karatu ba. Gani kawai zai je yi.

Wannan ne ya kasa shiga kan Malam Bunyaminu. Shi mai sayar da bandar kifi ne, shekara talatin yana kai da kawowa tsakanin Bagudo da Lolo da Malanbil a ƙasar Binin. Tafiyar da ya sani ita ce ta fatauci, ko ta zumunci, ko ta gaisuwar mutuwa, ko ta aikin Hajji.

"Wa ka sani a can?" ya tambaye shi wata yamma, suna zaune a zaure, ruwan Agusta na zuba.

"Ba kowa, Baba."

"To wane ne mai masaukinka?"

"Babu mai masauki. Akwai gidajen da matafiya ke kwana, ɗaki ɗaya mutum shida ko takwas."

"Kamar tasha ke nan."

"Kusan haka."

"Kai da ake ce wa malam, yara na durƙusa maka, ka je ka kwana a tasha da jaka a baya kamar ɗan dako. Ga akwatina nan, ka ɗauka."

Jamaluddeen ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai. Bai taɓa yi wa mahaifinsa musu ba, amma kuma bai ɗauki akwatin ba.

Malam Bunyaminu bai taɓa kiran sunan yaron da bakinsa ba, saboda kunyar ɗan fari. Shi da matarsa Rabi "Ɗan Dela" suke ce masa, domin yayar Malam Bunyaminu, Dela, ita ta ɗauke shi tun daga yaye ta raine shi a tungarsu da ke bakin kogi a ɓangaren Binin. A can ya fara shiga makaranta, a can Faransanci ya kama bakinsa, kafin a dawo da shi Bagudo yana ɗan shekara tara.

Tikitin jirgin kuwa Dare ne ya samo masa. Dare ɗan Yarbawa ne haifaffen Bagudo, abokin Jamaluddeen tun firamare, yana da shagon gyaran waya a bakin tasha. Shi ya gano cewa tashi daga Kwatano, can ƙasar Binin, ya fi araha. Ranar da ya kawo takardar, ya durƙusa ya gaishe da Malam Bunyaminu, ya ce, "Baba, ku kwantar da hankalinku. Mutanen da suka zura mana biyu da nema a ƙwallo ai ba za su rasa tuwon baƙo ba."

"Kai ne ka zuga shi."

"Wallahi ni ko Yawuri ba na son zuwa, Baba. Shi ne mai ƙafar yawo." Sai ya juya wurin abokinsa, ya daina dariya. "Abu biyu, Jamalu. Tikitin nan mai araha ne, ba a ɗaga shi. Alhamis ƙarfe sha biyu na rana, in jirgi ya tashi ba ka ciki, shi ke nan. Na biyu, ka tabbata an buga maka sitam a fasfo a boda, wurin ƙetare iyaka. A filin jirgi shi za su fara dubawa."

Malam Bunyaminu ya ji maganar sitam ɗin. Ta shiga kunnensa ta zauna a gefe, kamar yadda maganar rasit ɗin kasuwa ke zama.

Akwai abin da bai gaya wa kowa ba, ko da yake Rabi ta sani. Ƙanensa Hassan haka ya taɓa fita daga Lolo da ƙunshin kaya a kafaɗa, ya ce zai je ya ga Abijan ya dawo kafin girbi. Wasiƙa ɗaya aka samu daga gare shi. Shekara ashirin da shida ke nan. Duk lokacin da Malam Bunyaminu ya dubi koriyar jakar nan a jingine a bango, sai ya ji kamar an ɗora masa ita a ƙirji.

Hanawa ba ta yiwu ba, domin yaron ba yaro ba ne, kuma ba saɓo zai je yi ba. Sai ya kafa sharaɗi guda.

"Ni zan ƙetare da kai da kaina. Kuma ba za ka bar ƙasar nan ba sai ka je ka yi wa gwaggonka sallama."

"Baba, na yi niyyar bin hanyar mota ne daga Lolo, saboda ofishin shige da fice yana bakin hanya."

"Hanyar mota da damina? Tungar Dela ta ruwa ake zuwa. Mu shiga jirgin Ma'azu, ya sauke mu a ƙofar gidanta."

"Sitam ɗin fa?"

"A Malanbil akwai ofishi a bakin gada, kullum ina ganinsu suna buga wa mutane. Sai mu je su buga maka. Shekara talatin ina ƙetare ruwan nan, ba wanda ya taɓa tambayata takarda."

Da gaskiya ya faɗa. A ganinsa sitam sitam ne, duk inda aka buga shi ya bugu. Jamaluddeen ma ɗan bakin iyaka ne, ya ƙetara sau ba adadi ba tare da komai a aljihu ba, kuma fasfon nan sabo ne fil, bai taɓa amfani da shi ba. Ya ce, "To, Baba."

Ranar Talata da sassafe suka bar Bagudo. Rabi ta cusa ƙuli-ƙuli da kilishi da garin yaji a duk aljihun da ta samu a jikin jakar, har sai da ɗanta ya roƙe ta ta bari, domin awo ake yi a filin jirgi. Ba ta raka su ƙofa ba. Daga cikin ɗaki ta ce, "Allah ya kai, Allah ya dawo da kai." Tsarin tafiyar a fili yake: su kwana Malanbil, Laraba ƙarfe bakwai na safe Jamaluddeen ya shiga babbar motar Kwatano, ya isa da yamma, Alhamis ya tashi.

A bakin ruwa a Lolo suka sami Ma'azu yana loda albasa a jirginsa mai inji. Taubashin Malam Bunyaminu ne, tare suka tashi, ba ya ganinsa bai tsokane shi ba.

"A'a, wanga mi ne ne? Bunyaminu, soja ka haifa ba mu sani ba?"

"Ja jirginka, ka bar mu da abin da ya dame mu."

"Malam ƙarami, ina aka nufa da wanga buhu?"

"Madagaska, Kawu. Tsibiri ne."

"Gungu ke nan. Ga gunguna nan cike da kogi, in sauke ka kan wanda kake so kyauta. Mi ya kai ka nesa?"

Kogin ya cika, ruwan ja ne saboda damina. Suka wuce inda iyaka take ba wanda ya ɗaga kai, domin ba abin da ke wurin sai ciyawa da ruwa. Wajen hantsi Ma'azu ya sauke su a tungar Dela, ya wuce Malanbil da albasarsa.

Dela ta tsufa, idonta ɗaya ya dushe, amma tun daga nesa ta gane tafiyar ɗanta. Ta rungume shi da jakar duka. Nan take ta sa aka kama zakara. Jamaluddeen ya ce sauri suke yi, ta ce wanda ya zo sallama ba ya tashi da yunwa daga gidan da ya yi rarrafe. Ya dubi mahaifinsa don ya sa baki. Malam Bunyaminu ya cire takalmi, ya miƙe ƙafa a tabarma.

Aka fige zakaran, aka daka, aka tuƙa. Suka yi azahar. Malam Bunyaminu ya ci a hankali, ya tsotse kowane ƙashi, ya tambayi Dela labarin mutanen da ya san sun daɗe da mutuwa. Yana ganin ɗansa na duba agogo, ya yi kamar bai gani ba. Sai wajen ƙarfe biyu suka hau babura zuwa Malanbil.

Ofishin bakin gada ɗaki ne guda da baranda. Wani jami'i mai furfura a gemu ya karɓi fasfon, ya buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya, duk farare. Ya yi magana da Faransanci, Jamaluddeen ya amsa. Malam Bunyaminu yana tsaye a baya, ba ya jin ko kalma ɗaya, sai fuskar ɗansa yake karantawa. Ya ga murmushin ya ɗauke. Ya ga ya sauke jakar ƙasa a hankali.

"Me ya ce?"

Jami'in ne ya amsa da kansa, da Hausarsa mai gargadar Dandi. "Alhaji, ta ina kuka shigo?"

"Ta ruwa, kamar kullum."

"To, shi ne. Wannan ƙofa ta masu zuwa daga Nijar ce. Shi daga Najeriya yake. Sai can sun buga mashi ya fita, sannan namu na can bakin hanyar Lolo su buga mashi ya shigo. A takarda, yaronka yana Najeriya har yanzu. Wanda bai fita ba, ƙaƙa zan rubuta ya shigo?"

"Ranka ya daɗe, ga shi nan tsaye a gabanka."

"Ina ganin shi. Littafi ne ba ya ganin shi."

"Ni fa shekara talatin ina zuwa garin nan."

"Kai kasuwa kake zuwa, Alhaji, mun san ku. Shi jirgin sama zai shiga. In ya je Kwatano da wannan fasfo haka, ba jirgi kaɗai zai rasa ba, za su zaunar da shi su tambaye shi ta ina ya faɗo." Ya miƙa fasfon da hannu biyu, ba da faɗa ba. "Ku koma ta inda kuka shigo, ku fito ta ƙofa. In kun bi hanyar mota daga nan, za ku iske namu daga ciki, tambayar nan dai za su yi muku. Ƙarfe shida ake rufe littafi."

A daidai lokacin nan wani sanyi ya sauka a ƙirjin Malam Bunyaminu, irin wanda bai ji ba tun da jakar ta shigo gidansa. Ya gane ko sanyin mene ne, kunya ta kama shi, ya kawar da kai.

Ƙarfe uku da rabi ta wuce. Suka ruga bakin ruwa. Ma'azu ya sauke albasa, yana jiran fasinjan komawa. Da ya ji abin da ya faru, ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskar Jamaluddeen, ya rufe. Bai jira jirgin ya cika ba, ya ja igiyar inji.

Da komai ya tafi daidai, da sun isa Lolo shida saura kwata. Amma sun yi kamar rabin hanya hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta fara ɗaga ruwa tana watsa musu. Matan da ke cikin jirgin suka shiga salati. Ma'azu ya karkata zuwa wani gungu a tsakiyar kogi, kafin su kai inji ya sha ruwa ya mutu, sai da gora aka ƙarasa.

Gungun ƙarami ne, bukkokin masunta uku da rumfar banda guda. Suka fake a rumfar, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Ta kowane ɓangare aka duba ruwa ne. Wayar Jamaluddeen ba ta kama komai, ba layin Najeriya, ba na Binin. Malam Bunyaminu ya tambayi wani tsohon masunci ko gungun na wace ƙasa ne. Tsohon ya ce ya danganta da wanda ya zo tambaya.

Ma'azu ya kwance murfin inji yana gogewa da gefen rigarsa. "To, Malam ƙarami," ya ce a hankali, "ga gungu dai ka samu."

Ba wanda ya yi dariya. Ƙarfe shida ta yi suna zaune. Jamaluddeen ya dubi agogonsa, ya kwance shi daga hannu, ya sa a aljihu. Ya rungume jakar a kan gwiwa don kada ta jiƙe.

Da ruwan ya ɗan tsagaita, sauran fasinjoji suka koma bukkoki, aka bar su su biyu.

"Baba, in tambaye ku wani abu?"

"Ina ji."

"Kun san haka za ta faru?"

Bai taɓa yi masa tambaya irin wannan ba. Malam Bunyaminu ya so ya yi fushi, ya nemi fushin ya rasa.

"Maganar sitam ban sani ba. Allah shi ne shaida. Na ɗauka duk inda aka buga ya yi." Ya murza gemu. "Amma zaman gidan Dela, da gangan na yi. Na ga kana duba agogo. Da mun tashi da hantsi, da yanzu an buga maka an gama."

Jamaluddeen ya dube shi, mahaifin ya ci gaba.

"Kuma da mutumin nan ya ce ba zai buga ba, na ji daɗi. Ban so in ji ba, amma na ji."

"Saboda Baba Hassan."

"Wa ya gaya maka?"

"Gwaggo. Tun ina ƙarami take cewa tafiyata irin tasa ce." Ya gyara jakar a gwiwarsa. "Baba, shekara biyar ina koya wa yara sunayen wuraren da ban taɓa gani ba. Wani yaro ya tambaye ni ko teku ta fi kogin nan faɗi, na ce ta fi. Ya ce na gani? Ajin duka suka yi dariya. Ni ba guduwa zan yi ba. Ranar da za a koma makaranta ina cikin aji, in Allah ya yarda."

"Shi ma haka ya ce. Kafin girbi."

"To ban san abin da zan ce muku ba."

Nan maganar ta tsaya. A gungun suka kwana.

Gari ya waye sararin sama fes, amma inji ya ƙi tashi. Ma'azu ya ja igiya har hannunsa ya kumbura, ya ce sai rana ta busar da shi, wataƙila zuwa azahar. Ƙarfe bakwai ta yi. Can Malanbil babbar motar Kwatano ta tashi ke nan. Jamaluddeen yana zaune a kan wani kututture ya juya wa kowa baya.

Malam Bunyaminu ya tsaya yana kallon bayan nan. Ba sai ya yi komai ba. In ya zauna kamar yadda kowa ya zauna, zuwa azahar magana ta ƙare, gobe war haka ɗansa yana Bagudo yana cin tuwon Rabi, kuma ba wanda zai ce laifinsa ne, hadari ne da inji. Zai samu ɗansa a gida. Sai dai ya san irin zaman da za su riƙa yi a zaure daga ranar, yaron na gaishe shi da ladabi, kansa a sunkuye, har ƙarshen rayuwarsa.

Ya tafi wurin tsohon masuncin. Akwai wani ƙaramin kwalekwale a ɗaure a gindin ciyawa, na mutum biyu.

"Ara mini wannan. Ma'azu zai jawo maka shi in ya dawo."

"Ruwa na da ƙarfi yau. Ka iya?"

"A Lolo aka haife ni."

Ma'azu ya taso. "Bunyaminu, rabonka da tuƙi da filafili tun kafin ka yi tumbi. Kifi kake sayarwa, ba kai za ka zama abincinsu ba."

"Riƙe mini bakinsa in shiga." Ya ɗaga murya. "Ɗan Dela, kawo jakar."

Jamaluddeen ya waiwayo. "Baba, motar ta riga ta tafi."

"Babbar ta tafi. Akwai ƙanana. Daga Malanbil zuwa Kandi, daga Kandi zuwa Paraku, daga Paraku zuwa Kwatano. Masu albasa haka suke yi in sun makara. In ba ka tsaya ko'ina ba, kana iya isa gobe da safe. Taso."

Suka sa jakar a tsakiya. Ruwa na bin su a baya, wannan ya taimaka, amma kwalekwalen na rawa, bakinsa bai fi faɗin tafin hannu daga ruwa ba. Kafaɗun Malam Bunyaminu suka fara zafi tun kafin gungun ya ɓace. Tafin hannunsa ya yi bororo, ya fashe. Jamaluddeen na kwalfe ruwa da ɓarin ƙwarya, ya ce a ba shi filafilin ya karɓa, mahaifinsa ya ce in suka motsa za su kife. Sau biyu igiyar ruwa ta juya su suna kallon inda suka fito. Sai ƙarfe tara da wani abu suka taɓa ƙasa a Lolo. Da Malam Bunyaminu ya miƙe, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, sai da ya dafa kafaɗar ɗansa.

Babur ɗaya suka hau su biyu, jakar a kan tankin mai, zuwa ofishin bakin hanya. Sau da yawa Malam Bunyaminu ya sha ganin wurin daga nesa, bai taɓa shiga ba. Gora ce doguwa a gicciye a hanya, an shafa mata fenti, da ɗaki a gefe. Wata jami'a ta karɓi fasfon, ta dubi hoton, ta dubi mai shi, ta dubi rigunansu da suka yi taɓo.

"Ina za ka?"

"Madagaska, ta Kwatano."

"Yin me?"

"Gani."

Ta ɗaga gira, ta dubi dattijon da ke tsaye a bakin ƙofa. "Baba, tare kuke?"

"Ɗana ne."

"Ya sunansa?"

Malam Bunyaminu ya buɗe baki ya ce Ɗan Dela, sai ya ga idonta na kan shafin fasfon, tana jiran ta ji ko zai yi daidai da abin da ke rubuce. Shekara ashirin da takwas, sunan da shi ya raɗa masa a kunne bai sake fita daga bakinsa ba. Ya dubi ƙasa.

"Jamaluddeen," ya ce. "Jamaluddeen Bunyaminu."

Ta ɗauki sitam, ta danna a tawada, ta buga. Ƙarar ba ta kai ta rufe murfin tukunya ba.

A waje Jamaluddeen ya goya jakar, ya ɗaure igiyar ciki. Mai babur ɗin da zai kai shi ofishin Binin, daga nan Malanbil, yana jira a ƙetaren gorar. Malam Bunyaminu ya bi bayansa, wani jami'i ya ɗaga hannu.

"Baba, takardarka?"

Ba shi da ita. Ya san da ya yi bayani, ya ce shi ɗan gari ne, da wataƙila an bar shi. Bai yi ba. Ya tsaya a bayan gorar. Jamaluddeen ya dawo, ya durƙusa da jakar a bayansa har tana rinjayarsa.

"Ku yafe mini, Baba."

"Tashi, rana na yi. Kada ka tsaya cin abinci a Kandi, akwai ƙuli-ƙuli a jaka. In ka isa inda za ka, ka nemi masallaci, ka gaishe da limamin. Ka ce masa kai baƙo ne. Ko ba ka kwana gidansa ba, a san da kai a garin."

"To, Baba."

Malam Bunyaminu ya tsaya har koriyar jakar ta shige bayan itatuwa. A rayuwarsa wannan ne karo na farko da iyakar ta tsayar da shi.

Da la'asar ya isa Bagudo, bai nufi gida ba sai shagon Dare, domin wayarsa ƙarama ce, ba ta karɓar irin saƙon da ɗansa ke turowa. Dare ya ba shi benci, ya ga hannuwansa, ya aika aka sayo man shafawa. Saƙo biyu sun shigo. Na farko ya ce an buga na Binin. Na biyu daga Kandi ne: mota ta cika, sun tashi.

Ranar Alhamis tun kafin Dare ya buɗe shago Malam Bunyaminu yana bakin ƙofa. Saƙo ɗaya ya kwana a wayar. Sun wuce Paraku, amma taya ta fashe a hanya, direba ya tafi neman faci, kuma cajin wayarsa ya kusa ƙarewa. Dare ya kira, wata murya ta yi magana da Faransanci ta katse.

"Me ta ce?"

"A kashe take, Baba. Ko caji ne ya ƙare, ko kuma ya shiga jirgi. A jirgi ma kashewa ake yi."

"To yaya za a gane?"

"Sai ya kunna."

Sha biyu ta yi yana kan bencin. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ko da yake ya san Kwatano ba nan kusa take ba. Dare ya ce tafiyar doguwa ce, akwai sauyin jirgi a wata ƙasa, kuma ko ya sauka sai ya sami layin can, saboda haka shirun ba ya nufin komai. Rabi ta aiko a tambaya sau uku. Aka ce mata ana jira.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya koma kan bencin, hannuwansa a naɗe da tsumma. Dare ya sake kira, muryar nan ta sake amsawa. Har zuwa lokacin Malam Bunyaminu bai san ko Jamaluddeen ya sami jirgin ba, ko kuwa yana zaune a wata tasha a Kwatano da jakarsa.